Etabilisma, SARL ko GIE? Tambayoyin masu shirin yi wa kasuwancinsu rajista a arewacin Kamaru da Chadi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin 'yan kasuwar Garwa, Marwa, Ngaundere da Kusseri idan maganar rajista ta taso, wato wane nau'in rajista mutum zai yi wa kasuwancinsa: etabilisma, SARL, GIE ko wani. Galibi mutum yakan zo da tambayar wane suna ne ya fi kwarjini a jikin allon shago. Abin da ya kamata ya fara tambaya shi ne: ranar da bashi ya yi wa kasuwancin katutu, dukiyar wa za a taɓa?

Shekara da shekaru ina ciniki ba takarda, kuma ban ga abin da ya rage ni da shi ba. Me zai sa in nemi rajista yanzu?

In cinikinka bai wuce tebur da 'yan unguwa ba, kana iya daɗewa a haka. Takarda tana fara zama dole ne ranar da ka so buɗe asusun banki da sunan kasuwancin, ko karɓar rance, ko fito da kaya ta kwastan da sunanka, ko neman kwangila. Babban kamfani ko ƙungiyar agaji da ke son buhu 500 na masara ba za su biya ka a hannu ba. Za su ce ka kawo lambar rajistar kasuwanci, wadda ake kira RCCM, da lambar mai biyan haraji, wato NIU a Kamaru, NIF a Chadi. Wanda ba shi da su yakan ari takardun wani, mai takardun ya yanki kasonsa yana zaune. In kuma aka yi rigima a kan biyan kuɗin, sunan mai takarda ne a rubuce.

Wace doka ce ke tsara wannan? Ta Kamaru daban, ta Chadi daban?

Tushen ɗaya ne. Ƙasashen biyu suna cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 da suka amince su yi aiki da dokokin kasuwanci iri ɗaya. An sa hannu a yarjejeniyarta a birnin Port-Louis a 1993, sakatariyarta tana Yawunde, babbar kotunta tana Abijan. Nijar ma tana ciki, Najeriya ba ta ciki. Dokar kamfanoni da ake aiki da ita yanzu ita ce wadda aka yi wa gyara a Wagadugu a 2014. Don haka SARL, wato kamfanin da asarar masu shi ba ta wuce jarin da suka zuba ba, ta Marwa da ta Njamena ƙirarsu ɗaya. Inda aka rabu shi ne haraji, kuɗin rajista, da ofishin da za ka je, domin waɗannan kowace ƙasa ita ke tsara nata.

Na ga allon Alhaji an rubuta "Ets wane da 'ya'yansa". Wannan ba kamfani ba ne?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Etabilisma suna ne kawai da ɗan kasuwa yake sa wa harkarsa. A idon doka babu wani abu mai zaman kansa da ake kira "Ets wane". Alhajin ne da kansa, an yi masa rajista a matsayin ɗan kasuwa. Kalmar "da 'ya'yansa" ado ce, ba ta ba 'ya'yan ko sisi ba.

Amfaninsa a fili yake. Ba a neman wani jari da doka ta ƙayyade, ba kundin ƙa'idoji, ba taron shekara, ba wanda za ka yi shawara da shi kafin ka sayi kaya ko ka karya farashi. Rajistarsa ta fi sauƙi da arha. Ga mai shagon atamfa, ko mai sayar da kayan babur, ko tela mai keke uku da yara biyu, sau da yawa wannan ya wadatar.

Illarsa guda ɗaya ce, amma babba. Aljihunka da na kasuwancin ɗaya ne. A ce ka ɗauki albasa bashi daga manoma, ka cika mota, ta kama hanyar Duwala. Motar ta lalace bayan Ngaundere, ta yi kwanaki a gefen titi cikin rana, kafin ta isa rabin buhunan sun fara ruwa suna wari. Manoma da mai mota ba ruwansu da wannan labari. In suka kai ƙara suka yi nasara, abin da za a kama bai tsaya ga kayan shago ba. Motarka ta hawa, shanunka da ke ruga, filinka, duk suna cikin lissafi. Shi ya sa lokacin rajista ake tambayar takardar aure da tsarin dukiyar da aka zaɓa, domin wanda aurensa ke kan tsarin haɗa dukiya, bashinsa yana iya shafar abin da suka tara tare da matarsa.

Ni mace ce, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake yi a gida. Akwai abin da ya dace da ƙaramar sana'a irin tawa?

Akwai, Hajiya. Tun gyaran dokar kasuwanci na 2010 aka fito da wani matsayi na ƙananan masu sana'a da ake kira entreprenant. Ba cikakkiyar rajista ake yi ba, sanarwa ce kawai ake kai wa ofishin rajistar kasuwanci, kuma dokar ta ce ba a biyan kuɗi a kanta. Za a ba ki lamba, ke kuma ki riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a littafi kullum. In cinikin ya haura iyakar da aka sa har shekara biyu a jere, sai ki koma cikakkiyar 'yar kasuwa. Sai dai ki sani, wannan ma bai raba dukiyarki da bashin sana'ar ba.

To mece ce SARL, kuma nawa ake buƙata a kafa ta?

SARL kamfani ne da doka take ɗauka kamar wani mutum daban: yana da sunansa, dukiyarsa, bashinsa, yana kai ƙara ana kai shi. Masu shi suna zuba jari, a ba kowa hannun jari gwargwadon abin da ya zuba, kuma asararsu ba ta wuce wannan abin da suka zuba ba. Mutum ɗaya ma yana iya kafa ta shi kaɗai. Manaja ne ke gudanar da ita, wanda takardu ke kira gérant, ko daga cikin masu jarin ko daga waje.

A da sai da sefa miliyan 1. A Kamaru dokar Disamba 2016 ta sauko da mafi ƙarancin jarin zuwa sefa 100,000, kowane hannun jari kuma bai gaza sefa 5,000 ba. Dokar ta kuma ce in kai kaɗai ne, ko jarin bai wuce miliyan 1 ba, ba dole ne ka bi ta wurin notar, wato jami'in shari'a mai rubutawa da tabbatar da takardu, ba. Kuɗin jarin ba gwamnati ake ba wa ba, wannan ma ana yawan tambaya. Ana ajiye shi ne da sunan kamfanin, in rajista ta fito a cire a yi aiki da shi.

Shawarata dai kada ka rubuta 100,000 don kawai shi ne mafi ƙaranci. Adadin jarin yana bayyana a kan takardun kamfani, banki da dila suna gani. Kamfanin da jarinsa bai kai kuɗin babur ba ya zo neman rancen miliyan 20, kowa ya san amsar da zai samu.

Ke nan da na yi SARL gidana ya tsira daga masu bin bashi?

A rubuce haka ne. A aikace akwai ƙofofi uku da bashin yake biyowa ya same ka har gida.

Ta farko banki. Babu bankin da zai ba ƙaramin kamfani kuɗi mai kauri ba tare da manajan ya tsaya masa da kansa ba, ko ya jinginar da takardar mallakar fili. Da ka sa hannu a wannan, kariyar SARL ta tashi a kan wannan bashin. Ka karanta abin da aka miƙo maka, in Faransancin ya yi maka nauyi ka tafi da wanda ka yarda da shi ya karanta maka.

Ta biyu ita ce ta fi cin mutanenmu. An kafa kamfani, an buga hatimi, amma Alhaji yana nan kamar da. Matarsa ta haihu, ya jawo durowar shago ya ƙirgo kuɗin ragon suna. Gobe kuɗin makarantar yara, jibi gudummawar biki, ba rasit, ba rubutu, akanta sai dai ya ga rami a ƙarshen wata. A wurinsa kuɗinsa ne. A wurin doka kuɗin kamfani ne, kuma manajan da ya yi amfani da dukiyar kamfani don buƙatar kansa da gangan, alhali ya san hakan zai cuci kamfanin, ya yi laifin da ake hukuntawa. In kamfanin ya durƙushe kuma kotu ta ga sakacin gudanarwa ne ya jawo giɓin, tana iya ɗora wa manajan biyan bashin daga aljihunsa. Maganin wannan ba wuya: ka yanka wa kanka albashi, ka ci daga shi, riba kuma a raba ta bayan an rufe lissafin shekara.

Ta uku ita ce ƙin yin abin da doka ta ɗora wa kamfani. Dole a yi taron amincewa da lissafi cikin wata shida bayan ƙarshen shekara. Dole a ware kashi ɗaya cikin goma na riba a ajiye, har ajiyar ta kai kashi ɗaya cikin biyar na jarin. In asara ta cinye fiye da rabin jarin, dole masu kamfanin su zauna su yanke ko za a ci gaba ko za a rufe. Wanda ya san ba zai iya wannan ɗawainiya ba, gara ya zauna a etabilismansa da sanin haɗarin da ke ciki.

Ni da ƙanena muke juya kuɗi tare. Uwa ɗaya uba ɗaya, me za mu yi da takarda?

Allah ya ƙara zumunci. Amma rashin takardar bai fitar da ku daga hannun doka ba, ya ma jefa ku cikin mafi tsananinta. In mutum biyu suna tafiyar da harka kamar abokan tarayya ba tare da sun kafa kamfani ba, mai bin bashi yana iya roƙon alƙali ya tabbatar da cewa akwai kamfani a aikace. In alƙali ya tabbatar, ƙa'idojin wani nau'in kamfani da ake kira SNC ne za su hau kanku. A SNC kowane abokin tarayya yana ɗauke da bashin gaba ɗaya, da dukan abin da ya mallaka. Ƙanenka ya ci bashi a Kantin Kwari da sunan harkar, kai da ke da gida a Garwa za a nema.

In kun tashi yin SARL, ku kula da rabon hannun jari. Rabi da rabi yana da daɗin ji, amma shawarar yau da kullum sai da masu fiye da rabin jari, tsige manaja ma haka, gyaran kundin ƙa'idoji kuwa sai da kashi uku cikin huɗu. Ranar da kuka saɓa, ba mai rinjaye, kamfani ya tsaya cik, sai kotu. Ko dai ɗaya ya ɗan fi ɗaya, ko ku rubuta tun yanzu yadda za a warware saɓani da yadda za a yi wa kason mai son fita kuɗi. Rubuta mu'amala ba rashin yarda ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Abokina ne mai kuɗi, ni ke da sanin hanya da kasuwa. Ko kuma ni mota zan kawo maimakon kuɗi. Ya ake lissafa wannan?

Tsarin mai kuɗi da mai juyawa tsoho ne a wurinmu, malamai suna kiransa mudaraba. Dokar 2014 ta yarda mutum ya shiga kamfani da aikinsa ko ƙwarewarsa, ban da a SA, wato babban kamfanin hannun jari. Sai dai wannan ba ya shiga adadin jari, kuma abin da masu irin wannan kaso za su samu na ƙuri'a da na riba ba zai wuce kashi 25 cikin ɗari ba. In kun saba raba riba biyu, sai a cike maka sauran ta hanyar albashin manaja, ko abokin naka ya ranta maka kuɗin sayen hannun jari ka biya a hankali.

Mota, injin niƙa, shanu, kayan shago, duk ana iya zuba su a matsayin jari. A SARL in darajarsu ta haura sefa miliyan 5, sai ƙwararren mai kimantawa ya yi musu kuɗi. Fili kuwa sai ta hannun notar. Kuma da ka zuba motar ta zama ta kamfani, ba ka da ikon sayar da ita don ka yi fushi.

In mai kasuwancin ya rasu fa?

Etabilisma yana tafiya da mai shi. Banki ya rufe asusu, kaya su shiga gado, kafin a kawo takardar kotu mai tabbatar da magada wata da watanni sun wuce, masu sayen kaya sun koma wani shago. Kowa ya san gidan da aka raba kanti aka raba motoci, bayan 'yan shekaru ba kanti ba mota.

SARL ba ta mutuwa da mutuwar mai hannun jari, sai in kundinta ne ya ce haka. Ba ta canza kason kowa a gado ba. Abin da ta canza shi ne abin da ake rabawa: hannun jari ake rabawa, kanti na nan a buɗe. Maraya ƙarami ma yana iya riƙe hannun jari a SARL ta hannun waliyyinsa, alhali ba zai iya zama ɗan kasuwa mai rajista ba. Ana kuma iya rubuta cewa magaji ba zai shigo cikin kamfani ba sai sauran sun amince, in sun ƙi su biya shi darajar kasonsa. In manajan ne ya rasu, sai a gaggauta naɗa wani, shi ya sa kamfanin mutum ɗaya ya kamata ya tanadi wannan tun da wuri.

Miji da mata za su iya kafa kamfani tare? Ma'aikacin gwamnati fa?

Miji da mata suna iya haɗuwa a SARL ko SA. An hana su ne haɗuwa a kamfanin da dukansu za su ɗauki bashi ba iyaka, kamar SNC. Ma'aikacin gwamnati bai da izinin zama ɗan kasuwa, don haka etabilisma da sunansa ba ta taso ba. Zuba kuɗi a SARL bai mai da mutum ɗan kasuwa ba, amma gudanarwar a bar wa wani.

SA da SAS fa? Na ji an ce sun fi girma.

SA tana buƙatar jarin sefa miliyan 10 aƙalla, da mai binciken lissafi na dole tun ranar farko, da tarurruka da rahotanni. Ta manyan harkoki ce, irin su kamfanin auduga na Sodecoton da ke Garwa. Sabon ɗan kasuwa ba shi da abin yi da ita. SAS ita ma kamfanin hannun jari ce amma mai sassaucin tsari, a 2014 ta shigo. Ba a ƙayyade mata jari ba, kuma masu ita ne ke tsara yadda za a gudanar da ita, in dai akwai shugaba. Tana da amfani in kana sa ran masu zuba jari daga waje, amma 'yancin nan yana nufin duk abin da ba ku rubuta ba zai zama rigima, don haka sai da lauya gwani.

Mu manoman albasa ne, wasunmu masu shinkafa a Yagwa. An ce mu yi GIE, wasu sun ce koferatif. Wanne?

GIE an yi ta ne don mutanen da kowa ke da sana'arsa su haɗa ƙarfi a wani ɓangare, kamar hayar mota ɗaya ko sito ɗaya. Ana iya kafa ta ba jari ko kaɗan, wannan ne ke jan mutane. Abin da ba a faɗa musu shi ne, 'yan GIE suna ɗaukar bashinta da dukiyarsu, kuma ana iya kama mutum ɗaya a kan bashin duka. Shugaba ya karɓo taki bashi ya karkatar, mai ɗan hali a cikinku shi zai ji a jikinsa.

Ga manoma da makiyaya da ƙungiyoyin mata, koferatif, wato ƙungiyar gama kai, ta fi dacewa. Dokar OHADA ta 2010 ta kasa ta biyu: mai sauƙi, SCOOPS, daga mutum 5, da mai majalisar gudanarwa daga mutum 15. Kowa ƙuri'a ɗaya gare shi komai yawan kuɗinsa, kuma rajistarta daban take da ta 'yan kasuwa. A Kamaru akwai kuma GIC, wata ƙungiyar haɗa kai ta masu sana'a wadda dokar 1992 ta kawo, ƙauyuka da dama da ita suka saba. In burinku sayar wa manyan masu saye da karɓar rance, ku duba koferatif.

Wanne ne ya fi sauƙin haraji?

Yawan ciniki ne ya fi yanke wannan, ba sunan kasuwanci ba. A Kamaru ƙananan 'yan kasuwa suna biyan haraji na dunƙule gwargwadon ajinsu, wanda cinikinsa ya kai sefa miliyan 50 a shekara kuma ya shiga tsarin cikakken lissafi da harajin TVA da ake ɗorawa a kan farashin kaya, kashi 19.25 cikin ɗari.  Babban ma'aunin harajin ribar kamfani a Kamaru kashi 33 ne in an haɗa da kason ƙananan hukumomi, an kuma sassauta wa kamfanonin da ba su yi girma ba. In aka raba riba, mai hannun jari ma ana cire masa kashi 16.5. Ga kuɗin akanta, ga na CNPS, hukumar fanshon ma'aikata, in kana da ma'aikata. Dokar kuɗi tana sauyawa kowace shekara, saboda haka ka zauna da akanta da lissafin cinikinka na gaskiya kafin ka zaɓa.

Ina zan je, da me da me?

A Kamaru akwai cibiyar kafa kamfanoni, CFCE, a Garwa, Marwa da Ngaundere, inda aka tara ofisoshin a wuri ɗaya da nufin a gama cikin awa 72. Ka tafi da katin shaida, hotuna, takardar aure in akwai, zanen wurin da shagon yake, da shaidar cewa ba a taɓa yanke maka hukuncin da ya hana ka ciniki ba. Kamfani kuma sai an ƙara da kundin ƙa'idoji da shaidar ajiye jari. A Chadi hukumar zuba jari ta ANIE ce ke da irin wannan ofishi a Njamena. Duk abin da ka biya ka karɓi rasit, kuma ka guji 'yan tsaye a bakin ƙofa masu cewa "kawo in yi maka".

Ina da kamfani mai rajista a Kano. Zan iya aiki da shi a nan? Na Kusseri fa zai iya buɗe shago a Njamena?

Takardar Najeriya ba ta wadatar ba. Ko ka kafa sabon kamfani a nan, ko ka yi wa reshe rajista, kuma reshen kamfanin waje doka ta ba shi shekara biyu ne ya koma cikin kamfanin da aka kafa a ɗaya daga ƙasashen OHADA, sai in ministan ciniki ya ɗaga masa ƙafa. Na Kusseri in ya tsallaka gadar Ngeli, kuɗin ɗaya ne, dokar kamfani ɗaya ce, amma shagon Njamena sai an yi masa rajista a can, ya biya harajin Chadi.

In na fara da etabilisma, zan iya komawa SARL daga baya?

Za ka iya, kuma da yawa haka suke yi: su fara da sunansu, in sun fara ɗaukar kaya bashi da yawa, ko abokin tarayya ya shigo, ko ma'aikata sun ƙaru, sai su kafa kamfani. Amma ba canjin suna ba ne kawai. Sabon kamfani za ka kafa, da sabuwar lambar rajista da ta haraji, ka zuba masa shagon a matsayin jari ko ka sayar masa, a gyara yarjejeniyar haya da asusun banki. Bashin da ka ci kafin ranar yana nan a wuyanka, SARL ba ta goge shi. Daga SARL zuwa SA ko SAS kuwa ya fi sauƙi, domin kamfanin bai mutu ba, kwangilolinsa da basussukansa suna biye da shi, sai dai a gyara kundin ƙa'idoji a kai wa ofishin rajista.